Bayan Mai Sana'a: Tarihin Raunin Aiki da Makomar Gwani a Ƙasar Hausa



GABATARWA

Watakila wasu su yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga maganar ciwon baya, alhali ga likitoci a gari. Dalili shi ne wani magini da na sani a Sundimina, cikin ƙasar Birnin Kudu, wanda zan sakaya sunansa. Mutum ne da ya ba shekara 50 baya, ya gaji gini daga mahaifinsa, ya iya na ƙasa, ya iya na bulo. Wata rana yana aiki a hannun wani ɗan kwangila, ya sunkuya zai ɗaga buhun siminti, sai ya ji wani abu ya tsarga masa tun daga ƙugu har yatsun ƙafa. Da ƙyar aka kai shi gida. Ɗan kwangilar ya ba shi kuɗin mota da na magani, washegari ya ɗauki wani a madadinsa.

Da na je gaishe shi na tarar da shi kwance bisa tabarma a zaure. Bayan mun gaisa, sai ya ce mini ai mahaifinsa ma baya ne ya zaunar da shi, amma har ya rasu bai bar sana'a ba. Yana zaune a inuwa, yara na ɗora tubali, shi kuwa yana nuna musu inda bango ya karkace, in an tashi rabo kuma kasonsa ya fi na kowa. Sa'an nan ya tambaye ni, tun da an ce na yi karatu har ƙasar waje, me ya sa ciwo ɗaya ya mai da uba shugaba, ya mai da ɗa abin tausayi? Ran nan ban ba shi amsa ba. Wannan lacca ƙoƙari ne na biyan wannan bashi, kuma a ganina amsar tana cikin tarihi.

SANA'A DA JIKI KAFIN ZUWAN TURAWA

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na masarautar Kano, saboda haka tarihin sana'o'insu yanki ne na tarihin Kano. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa, a rina, a fitar waje kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma lura cewa aikin a gidaje ake yin sa, ba ya raba mutum da iyalinsa. Mu riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu komo kanta.

To, amma wace gaɓa ce ta ɗauki nauyin wannan arziki? In muka bi sana'o'in ɗaya bayan ɗaya za mu ga baya ne. Marini yakan wuni sunkuye a bakin karofi, yana tsoma zane cikin baba yana tsamowa, jiƙaƙƙen zane kuwa ya ninka busasshe nauyi. Mabugi a Kura yana zaune yana dukan turkuɗi har ya yi ƙyalli. Masaƙi ba ya tashi daga masaƙa sai salla ta tashe shi. Maƙeri yana ƙasa a gaban uwar maƙera, yana ɗaga masaba yana saukewa. Magini yana bisa bango, ana jefo masa tubali yana cafewa, yana juyawa yana ɗorawa. Haka masu gina rijiya, haka fataken da ke ɗauko goro daga Gwanja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi shekara 30 yana aiki bayansa bai gaya masa ba. Magabata sun san haka sarai, shi ya sa suka yi wa ranar gazawa tanadi tun kafin ta zo.

TANADIN MAGABATA

Tanadi na farko yana cikin tsarin sana'ar kanta, domin kowace sana'a tsani ce. A maƙera yaro da zugazugi yake farawa. In ya yi ƙarfi a ba shi masaba. Dattijo kuwa shi ke riƙe da awartaki, shi ya san launin da ƙarfe zai yi kafin a buge shi. A marina samari ke motsa baba, amma tsoho ke duba kumfa, ya shinshina, ya ce ya yi ko da saura. A gini ana farawa da kwaɓa ƙasa da curin tubali, a hau zuwa ɗori da yaɓe, sai a ƙarshe a kai ga shimfiɗa azara da bakan gizo da ɗaurin guga. Wato ƙasan tsani aikin ƙarfi ne, samansa aikin ido da sani, kuma mafi tsokar lada a sama take. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ba don ya fi kowa ɗaukar tubali sunansa ya kawo yau ba. Saboda haka in baya ya gaza wa mutum a tsakiyar rayuwa, abin da ya same shi kawai shi ne ya hau matakin gaba kafin lokacinsa.

Tanadi na biyu shi ne gida. A ƙauyuka irin su Sundimina sana'a aikin rani ce, da damina kowa manomi ne. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gandu ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Wanda ciwo ya kwantar ba a cire masa akushi, in gonarsa ta gayauna ta yi ciyawa a kira gayya. Yaran da za su zama hannuwansa a wurin sana'a kuwa 'ya'yan gidan ne, ba sai ya biya su kuɗin yini ba.

Na uku, akwai sarakunan sana'a, irin su Sarkin Magina da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska. Su ke tsakanin masu sana'a da fada, su ke raba aikin sarki, su ke sasanta rigima, kuma sun san gwanin kowace unguwa ko da ya daina fita. Hukuma ma ta san darajar waɗannan mutane. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, kamar maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, cikin wajiban shugaba.

Na huɗu shi ne magani. Karaya da targaɗe da gocewar ƙashi na maɗori ne, ciwon da ya ƙi tafiya a kai wa wanzami ya yi ƙaho, a haɗa da gashi da saiwoyi da rubutu. Ko maganin ya yi ko bai yi ba, majiyyaci yana tsakiyar danginsa.

Ita ma shari'a ba ta raina baya ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa karya gadon bayan mutum diyya cikakkiya ce, daidai da ta rai, wato raƙuma 100 ko dinari 1,000. Sai dai wannan hukunci yana bukatar a sami wanda ya yi ɓarnar. Bayan da aiki ya cinye sannu a hankali ba shi da wanda za a kai gaban alƙali.

Kada fa a ɗauka ina cewa zamanin da aljanna ne. Mafi nauyin aiki, a rinji da hanyar fatauci da gyaran ganuwa, bayi ne suka ɗauke shi, su kuwa ba kowannensu aka bari ya taka tsanin nan ba, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Baƙon da ba shi da dangi, in ya nakasa, bara ce makomarsa, a ƙarƙashin Sarkin Guragu. Tanadin na mai gida ne da mai gado. Amma ga wanda ya shiga cikinsa, ya yi aiki.

ZAMANIN DA ƘARFI YA ZAMA HAJA

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Ba da daɗewa ba haraji ya koma na kuɗin Bature, ya zama dole kowane magidanci ya nemo sule. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga bukatar dubban 'yan dako. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, buhu-buhu aka hau da ita a kan mutane. A wancan lokaci kuma akoko da sauran yadin Ingila suka cika kasuwa, masaƙa da yawa suka naɗe zarensu suka tafi ci-rani. Wasu suka nufi Jos haƙar kuza, inda ake auna aikin mutum da yawan kwanon da ya ɗauko. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai aka kafa aikin tilas a Arewa daga 1942 zuwa 1944, wanda jama'a suka sa wa suna diban gwamna. Aka kwashi talakawa ta hannun hakimai da dagatai zuwa sanyin Filato, da yawa suka mutu, da yawa suka komo da jikin da ba ya moruwa.

Abin lura a nan shi ne irin cinikin da aka shigo da shi. Kamfani ba ya sayen sanin mutum, ba ya sayen gidansu, ƙarfinsa na yini ɗaya yake saya. Helma yana kiran suna da safe, wanda bai amsa ba a sa wani. Aikin lebura ba shi da matakin sama da mutum zai hau in ƙarfi ya ƙare. Kuma ga shi an raba shi da iyalinsa, wato abin nan da Barth ya yaba ya warware.

Sannu a hankali wannan ciniki ya bi masu sana'a har gida. Siminti da bulo da kwanon rufi suka ture tubali da azara. Ɗan kwangila ya gaje wurin Sarkin Magina. Taswirar injiniya ta karɓe aikin idon gwani. Gandu ya rarrabe, kowa ya kama gabansa. Magini ya wayi gari sunansa birkila, ana biyansa da yawan bulon da ya jera. Ga amsar tambayar mutumin Sundimina: mahaifinsa ya ji ciwo a kan tsani, shi kuwa ya ji nasa bayan an janye tsanin.

DOKAR DIYYAR MA'AIKATA

Ƙasashen da suka fara masana'antu sun riga mu gamuwa da wannan matsala, suka nemi magance ta da doka. Jamus ta kafa inshorar haɗarin aiki a 1884 a zamanin Bismarck, Ingila ta yi dokar diyyar ma'aikata a 1897. Tamu ta farko a Nijeriya ta zo a 1941, aka sake ta da dokar soja a 1987. Waɗannan dokoki biyu sun ɗora biyan diyya a wuyan mai ba da aiki, galibi kuɗi dunƙule sau ɗaya, ma'aikaci kuwa shi zai yi ta bin sawu. Yaya wanda ba ya iya miƙewa zai yi shari'a da wanda ya fi shi kuɗi?

A watan Disamba na 2010 aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta canja tsarin. Yanzu mai ba da aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, daga nan ake biyan magani da diyya da koya wa wanda ya nakasa wani aikin. Ma'aikaci zai sanar da mai gidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara guda. Ina roƙon ma'aikatan gwamnati su saurari wannan da kyau: dokar ta ce ma'aikaci ya haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da ɗan koyo. Ashe maginin Sundimina, ranar da ya ɗaga buhun nan, yana da hakki a doka. Bai sani ba, kuma babu wanda ya rubuta sunansa a ko'ina.

Nan gizo ke saƙa. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2023 ta nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna wajen tsarin albashi da rajista. Maƙeri ko makaniken da ke zaman kansa ba shi da mai gidan da zai zuba masa komai. Gwamnatin Jigawa ta fara ba naƙasassu alawus na Naira 7,000 a wata a 2007, abin a yaba ne, amma mai ciwon baya yana tafiya da ƙafafunsa, ba jini, ba ɗauri, sau da yawa ma ana zarginsa da lalaci. Tsohon tanadi ya rushe, sabo bai iso ƙauye ba, mai sana'a yana tsakani.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Ba fagena ba ne, amma tarihin ba zai cika ba sai da shi. A 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa. A 1934 likitoci biyu a Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya yakan bulluƙo ya danne jijiya, shi ne zafin da ke sauka ƙafa. A nan gida an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Birnin Kudu. A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Buhun siminti kilo 50 ne, buhun hatsin da ake lodi a kasuwanninmu kuwa yakan kai kilo 100.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Wajen kashi 90 cikin 100 ba a samun wata cuta takamaimai a bayansa, mafi yawa kuma yakan lafa cikin makonni ba tare da tiyata ba. Likitoci a da sukan ce a kwanta, yanzu sun gano doguwar kwanciya ƙara ciwon take yi, gara mutum ya riƙa motsawa gwargwadon hali, ya koma aiki da kaɗan-kaɗan. Amma akwai alamun da ba a jira da su: ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, domin tarin fuka yakan ci ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi. Waɗannan na asibiti ne a ranar, ba na ƙaho ba. Abin tsoro kuma shi ne ƙwayoyi irin su tiramadol, waɗanda leburori ke sha don su danne zafi su ci gaba da ɗauka. Hausawa sun ce jiki magayi, wanda ya toshe bakin magayi kuwa sai ya ji labari a makare.

Ku dubi wannan shawara ta likitocin yau, wato a rage nauyi, kada a bar aiki, a koma ga abin da jiki zai iya. Ita ce dai tsanin magabata, ta dawo mana da rigar asibiti.

KAMMALAWA

Maginin Sundimina ya je asibiti a Birnin Kudu, aka ce ba ya bukatar tiyata. Ya yi watanni yana lallaɓawa, ya sayar da awakinsa, babban ɗansa kuwa yana Kano yana tuƙa adaidaita sahu. Daga baya ya jawo 'ya'yan ƙanensa biyu, ya riƙa karɓar ƙananan ayyuka a gari, su suna ɗauka, shi yana riƙe da igiya da ma'auni. Abin da yake samu bai kai na da ba, amma ba ya roƙo. Da hannunsa ya sake kafa guntun tsani. Tambayata ita ce, don me za a bar kowane gwani ya yi wannan shi kaɗai, bayan ya sayar da abin da ya mallaka?

Ga ma'aikatan gwamnati ina da roƙo uku. Duk wanda takardar kwangila ke bi ta teburinsa, ya tambayi sunayen leburori da birkilolin da za su yi aikin, da shaidar an zuba musu kasonsu a asusun diyya, kafin ya sa hannu. Asibitocinmu su riƙa rubuta sana'ar majiyyaci a katinsa, domin ciwon da ba a ƙirga ba ba ya shiga kasafin kuɗi. Cibiyoyin koyar da sana'a na jiha da na ƙananan hukumomi kuma su ɗauki gwanayen da ciwo ya zaunar su zama malamai da masu duba aiki, ko da ba su da takardar makaranta, ai da tsohuwar zuma ake magani.

Ƙungiyoyin magina da maƙera da makanikai da 'yan dako su ne magadan sarakunan sana'a. Yadda suke adashi don biki da suna, su ware wani abu don ranar ciwo, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Su kuma tsaya a kan a rage girman buhu, a kawo baro da kura wurin lodi.

Ku kuwa ɗalibai, da yawanku da kuɗin bayan wani aka biya muku makaranta. In kun koma gida hutu, ku zauna da tsofaffin masu sana'a na garinku, a Sundimina ne ko Gwaram ko wani wuri, ku rubuta sunayen kayan aikinsu da matakan koyonsu da yadda suke yi da wanda ya gaza. Ku kuma karanta musu dokar 2010 da Hausa, su san kwana 14 ɗin nan. Wannan aiki ne da ɗalibin Hausa zai iya, ba sai ya jira kowa ba.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a sana'o'inmu.